Duwatsun Ƙala'an Nahal a Jihar Gadarif

Kudu maso yammacin birnin Gadarif, a gabashin Sudan, ƙasar shimfiɗe take. Baƙar laka ce mai tsattsagewa da rani, ta koma taɓo da damina, inda ake noman dawa da riɗi. A tsakiyar wannan fili ne duwatsun Ƙala'an Nahal suke tsaye. Masana ilimin ƙasa sun ce wani sashensu ragowar ƙarƙashin wani tsohon teku ne da ya rufe fiye da shekaru miliyan 500 da suka wuce, shi ya sa ake samun ma'adinin kuromayit a cikinsu. Yamma da su Kogin Rahad yake, inda Hausawa suka kafa ƙauyuka tun zamanin tafiya Makka a ƙasa.