Daga Zango Zuwa Lambu: Masauki da Itatuwan Marmari a Ƙasar Ruma da Safana

Wanda ya bi tsofaffin garuruwan yammacin Katsina, daga Batsari zuwa Runka da Safana, zai lura da wani abu: inda duk ya ga rukunin tsofaffin bishiyoyin mangwaro da darbejiya a bayan gari, galibi wurin ya taɓa zama masaukin baƙi. Ni a ganina wannan ba dace ba ne. Masauki da lambu tagwaye ne a tarihin wannan yanki, domin abu ɗaya ke raya su, wato hanyar da matafiyi zai bi bai ji tsoro ba.

A ƙarni na goma sha tara irin wannan hanya ta yi wuya. Bayan jihadi, sarautar Haɓen Katsina ta koma Maraɗi, kuma daga can mahaya suka yi ta kawo hari kan garuruwan da ke bakin dajin Rugu. A watan Maris na 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth ya tashi daga Katsina zuwa Sakkwato. Maimakon ya miƙe yamma, sai ayarinsa ya karkata kudu saboda tsoron rundunar Gobirawa, ya bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka, sannan ya keta daji ya ɓulla Zurmi. Zakka ɗin nan tana cikin ƙasar Safana a yau. Masaukin wancan zamani zango ne: fili a bakin ganuwa, kusa da rijiya, inda madugu ke sauke fatake da jakunansu, mata su kawo fura da tuwon sayarwa. Baƙo mai daraja kuwa sarkin gari ke ba shi ɗaki, ko ya sauka wurin fatoma. Inuwar zango ta tsamiya ce da kuka, marmarinsa kuma kanya da ɗinya da magarya da goruba. Duk cikinsu babu wadda aka dasa aka yi wa ban ruwa. Allah ne ya tsirar da su, mutane suka ƙyale su. Mutumin da bai san ko zai kai kaka a garinsu ba, ina shi ina dasa itacen da sai ya shekara biyar ko shida kafin ya ba da ɗa?

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903, suka naɗa Muhammadu Dikko sarki a 1906. Aka raba ƙasa gundumomi, aka umarci hakimai su bar birni su zauna cikin talakawansu. Batsari ta zama mazaunin Sarkin Ruma, Safana ta Yariman Katsina. Tunda Di'o zai riƙa fitowa rangadi don ƙidayar haraji da jangali, dole a tanadar masa wurin kwana. Haka bariki ya samu: ɗakin ƙasa mai jinka, a ɗan nesa da gari, da sarkin bariki mai kula da shi. Kada mu yi wa wannan gida kwalliyar da ba tasa ba. Talakawa ne suka yi aikin gininsa, su ne masu kawo ruwa da itace da ƙwai da kaji duk ranar da Bature ya sauka. Kalmar kanta ta ɗauki wani wari a bakin Bahaushe, har yau idan aka ce wane ɗan bariki ne ba yabo ake nufi ba.

Amma a harabar irin waɗannan gidaje, da ta gidajen hakimai da makarantun En'e, baƙin itatuwa suka fara kafuwa a karkara. Mangwaro ɗan asalin Indiya ne. Darbejiya ma daga can take, ta shigo ta Barno a 1928 kafin ta bazu yamma. Manomi ya ga itacen da ke nuna a tsakiyar bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma babu abin sayarwa, sai ya ɗauki ƙwallon ya kai fadama. Lambun da aka sani da albasa da tattasai da jigo ya sami mangwaro a gefe, daga baya gwaiba da lemo da yazawa. Bayan farin 1973 da na 1984 hukuma ta ƙara himma wajen raba dashe, mangwaro mai aure ya yawaita, wanda kan fara 'ya'ya cikin shekara uku ko huɗu. Dillalai suka riƙa zuwa su sayi bishiya tun 'ya'yanta na ɗanye, su kwana a zauren mai lambu har a gama tsinka a loda wa mota. Bariki ya rushe, zaure ya gaje shi.

Yanzu dajin da Barth ya keta da fargaba ya koma gidan jiya. A watan Fabrairun 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙaramar hukumar Batsari. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Iyalai da yawa sun yi hijira zuwa Batsari da birnin Katsina, wasu har jihar Maraɗi, ƙasar da kakanninsu ke tsoro. Baƙon da dā ake shimfiɗa wa tabarma kafin a tambayi sunansa, yau sai an san wanda ya aiko shi.

Ana lissafa rayuka da shanu da buhunan gero idan ana maganar asarar waɗannan shekaru, kuma haka ya kamata. Lambu ba ya shiga lissafin, don tsohon mangwaro yana ci gaba da 'ya'ya ko mai shi ya gudu, birai da tsuntsaye su sha. Asarar tana wurin ƙaramin dashe. Shi yana bukatar ban ruwa rani uku a jere, da shingen ƙaya saboda awaki, da mutumin da ke kwana kusa da shi, kuma a ƙauyukan bakin Rugu an yi damuna da dama ba a sa ko ɗaya a ƙasa ba.