Bishiyar Hezal: Siffarta, Mazauninta da Amfaninta

Hezal bishiya ce ta ƙasashe masu sanyi, wadda masana tsirrai ke kira Corylus avellana. Larabawa suna ce wa 'ya'yanta bunduƙ, kuma masana harshe sun danganta kalmarmu ta "bindiga" da wannan suna, domin da shi ake kiran ƙananan dunƙulen harbi a zamanin da.

Ba doguwa ba ce, tsayinta yakan kama daga mita 3 zuwa 8. Rassa da yawa ne ke tasowa daga gindinta, kamar yadda muke gani a jikin sabara. Ganyenta faffaɗa ne, gefensa kamar haƙoran zarto. Tana yin fure a ƙarshen hunturu tun ganye bai fito ba, iska ce kuma ke kai garin furen daga wata bishiyar zuwa wata. Ɗanta yana cikin ɓawo mai tauri, girmansa kusan na gurjiya.

Asalinta Turai ne da yammacin Asiya. Ƙasar Turkiyya ce ke samar da fiye da rabin hezal ɗin duniya, musamman a lardunan Ordu da Giresun da ke gaɓar Bahar Aswad, inda ake tsinkar ta da hannu a kan tuddai cikin watan Agusta. Ana kuma noman ta a Italiya da jihar Oregon ta Amurka.

Kimanin kashi 60 cikin 100 na ƙwayar mai ne. Ana cin ta ɗanya ko gasassa, amma galibi cikin cakulan take ƙarewa. Nutella da muke gani a manyan kantuna da ita ake yi. Manoman Ingila kuwa sun daɗe suna sare ta daga gindi duk bayan shekara 7 zuwa 10, ta sake toho, su sami tsumagu masu lanƙwasuwa na yin shinge da kwanduna, da itacen gawayi. Saran ba ya kashe ta, ƙara mata tsawon rai ma yake yi.

Muna jan hankalin manoma da jami'an gona na ƙananan hukumomi cewa wannan bishiya tana buƙatar watanni na sanyi mai tsanani kafin ta yi fure yadda ya kamata, kuma sanyin hunturunmu bai kai haka ba. Saboda haka ba mu ba da shawarar a kashe kuɗin jama'a wajen sayen dashenta ba. Abin da ya dace mu ɗauka shi ne tsarin saran nan: a raba daji kashi-kashi, a sare kashi ɗaya a shekara, a bar kututture, a kuma kare tohon daga awaki har ya yi ƙwari.