Farashin Allura Guda: Sanƙarau da Alƙalamin Likita a Arewacin Zamfara

A shekarar 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya iso Ƙauran Namoda, a nan ya tsaya. Gyaɗa da auduga da fatu Turawa suka hango, su ne kuma suka biya kuɗin ƙarfen. Lafiyar masu noma su kuwa, En'e aka bar wa, ita kuma ta riƙa buɗe 'yan ɗakunan shan magani da kuɗin baitulmali, wato harajin talaka da jangalin makiyayi. Ashe ko a zamanin da ake cewa magani kyauta ne, mutumin Zurmi ya riga ya biya tun bai kwanta ba. Abin da ya sauya daga wancan lokaci zuwa yau shi ne lokacin biya: da kafin ciwo ne, yanzu kuwa sai ciwo ya kayar da mutum ake miƙa masa takarda. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyata yake fitowa, kuma mafi yawan wannan kuɗi ba ya motsi sai likita ya sa alƙalami.

Babu cutar da ta bayyana nauyin alƙalamin nan kamar sanƙarau. Takan zo da rani, lokacin da ƙura ta busar da maƙogwaro, zafi ya fara matsawa, rumbu kuma ya kama hanyar ƙarewa. Ba ta zuwa wa mutum ɗaya. Unguwa take shiga. Magungunan da suka fito a ƙarshen shekarun 1930, irin su M&B, sun yi aiki kuma sun yi araha, har zuwa sa'ad da ƙwayar cutar ta saba da su. Daga nan aka koma ga fenisilin, wanda ake yi wa majiyyaci sau da dama a yini har tsawon kwanaki. A babban asibiti wannan mai yiwuwa ne. A ƙauyen da malamin asibiti ɗaya ke fuskantar majiyyata masu yawa a ƙarƙashin rumfar zana, kowace allura na nufin sirinji, da hannun da zai yi ta, da mai jinya da ya bar sana'arsa ya zo ya tare, da abincin da za a dafa masa.

Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ne suka zauna da wannan matsala a shekarun 1970. Suka gwada wani nau'in kuloramfenikol da aka kwaɓa da mai, wanda yake daɗewa a jiki, suka wallafa sakamakonsu a 1979: allura guda tana iya yin aikin da ake kwana da kwanaki ana yi. Maganin tsoho ne, ba su ƙirƙiro shi ba. Abin da suka yi shi ne sake lissafi da idon wanda ya san nisan ƙauye da asibiti. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi wannan hanya don lokutan annoba, kuma da ita aka tari annobar 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Zamfara, wadda ta kama mutum fiye da dubu ɗari a Nijeriya ta kashe fiye da dubu goma sha ɗaya. Da samun maganin mai man ya fara wuya, wani gwaji da aka yi a yankunan Maraɗi da Damagaram, aka wallafa a 2005, ya nuna allura guda ta seftiriyazon za ta iya maye gurbinsa.

Sai dai araha ba ta zama doka ba. A 2014 Hukumar ta sake duba shawararta, ta fifita a yi kwana biyar ana ba da maganin, domin nau'o'in ƙwayoyin da ke yawo sun sauya, allura guda ba ta wadatar a kansu duka. A ganina wannan gyara bai rage darajar aikin Zariya ba. Duka biyun tambaya ɗaya suka amsa, wato mene ne mafi ƙarancin abin da zai warkar.

Rigakafi ma ya bi ta hannun likita. Lokacin da aka kafa shirin samar da rigakafin nau'in A a 2001, likitan da ya jagorance shi, Marc LaForce, ya fara da tambayar jami'an lafiya na ƙasashen Sahel farashin da za su iya ɗauka. Suka nuna masa cewa abin da ya haura rabin dalar Amurka ba zai sayu ba. A kan wannan iyaka aka gina aikin, aka sami kamfanin Serum Institute na Indiya ya yarda. MenAfriVac ya fara aiki a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, ya shigo arewacin Nijeriya a 2011, nau'in A kuma ya yi kusan ɓacewa.

Ana cikin murna sai nau'in C ya ɓullo a jihar Sakkwato a 2013. A watan Disamba na 2016 ya bayyana a ƙaramar hukumar Zurmi, kuma kafin a shawo kansa a tsakiyar 2017 an lissafa waɗanda ake zaton sun kamu fiye da 14,000 a faɗin ƙasa, mamata fiye da 1,100, Zamfara ce kan gaba. A wancan lokaci rigakafin wannan nau'i kaɗan ne a duniya, kuma masu riƙe da ajiyarsa ba sa saki sai an tabbatar musu a ɗakin gwaji wace ƙwaya ce. Tabbacin nan kuwa daga wuri ɗaya yake fitowa: ruwan ƙashin baya da likita zai zuƙo ya aika. Labari ya makara, samfura suka yi ƙaranci, ba a fara yi wa jama'a allura ba sai a watan Afrilu. Gwajin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, jinkirinsa ya jawo watanni na jinya da makoki. Akwai inda likita ke rage kashe kuɗi ta hanyar ƙin rubutawa, akwai kuma inda yake ragewa ta hanyar hanzarta rubutawa, ilminsa shi ne rarrabe su.

Annoba takan wuce, amma takardar magani ta kullum tana nan. Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara da ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya gane haka, shi ya sa aka kafa dokar jerin muhimman magunguna a 1989, a daidai lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu ya sa asibitocin gwamnati suka koma wuraren rubuta takarda a tura mutum kemis. Har yau gardamar ba ta ƙare ba. Mai zazzaɓi a Shinkafi yana iya fita da gwajin jini na minti ashirin da ƙwayoyin kwana uku. Yana kuma iya fita da ƙarin ruwa leda biyu, da allurai, da maganin taifot da aka ɗora a kan gwajin da ba shi da tabbas. Ba duka laifin likita ba ne: mutanenmu da yawa ba sa jin an duba su sai sun ga ruwa yana ɗiga, mai asibitin kuɗi kuma daga nan yake ci. Amma bambancin takardun biyu yana iya zama akuya, wani lokaci buhun gero.

Shekarun 'yan bindiga sun ƙara wa lissafin abin da ba ya cikin takarda: hanya mai hatsari, kuɗin mota da ya ninka, ɗakunan shan magani na ƙauye da aka rufe. Majiyyaci ba ya isowa sai ciwo ya ci ƙarfinsa, sa'annan maganinsa ya fi tsada. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya suka auna yara 97,149 a yankunan Shinkafi da Zurmi, suka sami kashi 27 cikin ɗari da tamowa. Akasarinsu ba gado suke bukata ba. Madarar gyaɗar nan ta cikin leda, wadda likita André Briend ya taimaka aka haɗa a 1996, wadda kuma Maraɗi ta tabbatar da amfaninta a yunwar 2005, ta isa uwa ta yi jinyar ɗanta a ɗakinta, ta riƙa kai shi awo mako-mako. A waccan shekara ledar ce ta yi ƙaranci a cibiyoyin karkara, gadajen manyan asibitocin Zurmi da Shinkafi kuwa suka cika.