Tarihin Rarrabe Yistin Ƙasa da Muhimmancinsa ga Manoman Rake a Ikara, Maƙarfi da Kudan

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin yadda masana suka rarrabe yisti, wato ƙwayoyin halittar nan da ido ba ya gani, waɗanda ke kumbura ƙullu, su kuma tsamar da ruwan zaƙi. Masu dafa mazarƙwaila a fadamun Maƙarfi da Kudan sun daɗe da sanin aikinsu, domin ruwan rake in ya jima ba a dafa ba, sai ya yi kumfa ya tsame.

Tun 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken Carlsberg da ke Denmak, ya gano hanyar raba yisti iri guda a rena shi shi kaɗai. Daga nan aka fara rarrabewa bisa siffar ƙwaya da irin sukarin da take tsamarwa. A 1946 Robert Starkey a Amurka ya bayyana wani yisti na cikin ƙasa mai tara mai a jikinsa. Lodder da Kreger-van Rij suka raɗa masa suna Lipomyces starkeyi a babban littafinsu na 1952. A wannan zamani abinci ne ma'auni: a ba yisti sinadarai iri-iri, a duba wanda ya ci ya hayayyafa, da wanda ya ƙi.

Wannan ma'auni shi ya tono abubuwan mamaki. A 1969 Koichi Ogata a Japan ya ba da labarin yisti mai rayuwa a kan metanol. A 1984 Middelhoven da abokan aikinsa a Holan suka samo wani a cikin ƙasa mai cin adenin, suka sa shi a jinsin Trichosporon. A 1990 aka mai da shi Arxula, a 2007 kuma Blastobotrys. Dalilin wannan ƙaura shi ne ma'aunin ya sauya. A 1998 Kurtzman da Robnett sun kwatanta ƙwayoyin gadon yisti kusan iri 500, aka ga ashe cin tuwo ɗaya ba ya tabbatar da dangantakar jini.

To, ina ruwan manominmu da wannan? Tuƙar rake da ake ƙonawa a murhun mazarƙwaila tana ɗauke da sukarin zailos mai yawa, wanda yistin burodi ba ya iya tsamarwa. A 1981 aka nuna cewa Pachysolen tannophilus, wanda aka fara samu a ruwan jima, yana mai da shi etanol. Lipomyces kuwa yana mai da shi mai. Ke nan abin da ake ɗauka makamashi kawai, da tuƙar rake da tumatir ɗin Ikara da ke ruɓewa lokacin kaka, abinci ne ga wasu halittu masu amfani.

Daga ƙarshe, muna kira ga masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, da Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, su ɗebo ƙasar waɗannan fadamu, su rarrabe yistinta da ma'aunan biyu, su adana shi da sunan garin da aka samo shi. Wanda ya fara sa wa halitta suna, a hannunsa asalinta yake zama, kuma wurinsa masana'antu ke zuwa nema.