Wa Zai Tsare Gandu In An Tafi Yaƙi? Dokar Bayi Ashirin da Kudancin Katsina

A ranar 11 ga Oktoba 1862, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, majalisar jihohin kudancin Amurka da suka ɓalle ta zartar da wata doka: duk gonar da ke da bayi ashirin ko fiye, za a ɗauke wa farar fata ɗaya zuwa yaƙi, ko mai gonar ko wakilinsa mai lura da bayi. Wata shida kafin nan an wajabta wa fararen fata 'yan shekara 18 zuwa 35 shiga soja. Abin da ya ratso tsakani shi ne shelar shugaban Amurka Abraham Lincoln ta 22 ga Satumba, wadda ta yi alkawarin 'yanta bayin jihohin tawaye, sai tsoron bore ya kama iyayengiji. Talakan da bai mallaki bawa ko ɗaya ba ya ga shi ake turawa bakin daga domin dukiyar wani. Ƙorafi ya yi yawa har a 1863 aka ɗora wa masu gonaki biyan dala 500, a 1864 kuma aka mayar da adadin bayi 15 bisa sharaɗin sayar wa gwamnati nama. Duk da haka irin su Newton Knight na Misisifi suka gudu daga soja suka juya wa gwamnatin bindiga.

A daidai wannan zamani Daular Sakkwato ma ƙasar bayi ce, kuma ƙasar yaƙi. Yankin da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suke a yau, wato ƙasar Pauwa da Kogo, yana cikin Katsina Laka da Yusufu Bala Usman ya tattauna a littafinsa na 1981: ƙasa mai albarka, ta dawa da auduga. Ita ce kuma bakin iyaka. Tun da zuriyar sarakunan Haɓe suka kafu a Maraɗi, mahayansu kan ratso dajin Rugu su faɗa wa ƙauyuka, daga zamanin sarkinsu Ɗan Baskore har zuwa na Ƙaura Hasau. To me ya sa daular ba ta bukaci irin waccan doka ba?

Amsar tana jikin sarkin gandu. Shi ne mai fitar da bayi gona da hantsi, ya raba musu kuyya, ya lura da rumbu, ya kai wa ubangiji labari. Amma galibi shi kansa bawa ne, kamar yadda ya bayyana a labarin Baba ta Karo da aka buga a 1954, da binciken Mohammed Bashir Salau a kan Fanisau ta Kano, garin da ya haɗa ribaɗi da gandaye. Mai gandu bai da bukatar a bar masa ɗa a gida. Bawa ke tsare masa bawa.

Sannan yaƙi aikin rani ne. Sai an girbe an kai rumbu sarki zai aika wa hakimai, kowa ya zo da jama'arsa. Noma da yaƙi ba su cika karo ba.

Babban bambancin shi ne makami. Kudancin Amurka bai yarda bawa ya zama soja ba sai a Maris 1865, yaƙi na gab da ƙarewa. A nan kuwa bayin sarki ke riƙe da bindigogi, su ke shiga lifidi, wasunsu ma, irin su Shamaki da Ɗan Rimi a Kano, manyan fada ne.

Wasu kan kafa hujja da wannan su ce bautar ƙasar Hausa mai sauƙi ce. A ganina hujjar ba ta tsaya ba. Abin da mai gonar Amurka ya nema a majalisa, mai gandun Hausa ya same shi ba tare da roƙon kowa ba: gonarsa ba ta tsaya ba, kuma yana da wanda zai tare masa mashi. Manomin da bai da bawa shi ne dakare mai kwari da baka, shi ne kuma ake kamawa a gona in mahaya suka ɓullo. Rashin rubutacciyar doka ɓoye fifikon ya yi, bai kawar da shi ba.

Akasarin binciken gandaye ya karkata ga Kano, Zazzau da Sakkwato. Ya kamata ɗaliban tarihi na jami'o'in Katsina da Dutsin-ma su nemi dattawan Pauwa da Kogo, har waɗanda rashin tsaro ya kora zuwa Funtuwa, su ɗauki bayanansu tun suna raye.