Dutsen da Overweg ya tsallako kafin ya iso Tasawa

A watan Janairun 1851 wasu Turawa biyu suka sauko daga Azbin tare da ayarin gishiri, suka rabu a kusa da Tasawa. Ɗaya shi ne Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya nufi Katsina da Kano. Na biyun, Adolf Overweg, ya yi yamma zuwa Maraɗi da Gobir. Shi ne masanin duwatsu a cikinsu, amma ya rasu a bakin tafkin Cadi a 1852, bai kai ga rubuta littafinsa ba. Shi ya sa sunan Barth kaɗai ya zauna a bakin mutane.

A ƙasar Tchaké da Mayahi, yashi ne da jigawa da kwarin Gulbin Kaba. Yaro a nan zai girma bai taɓa riƙe dutsen kirki ba, in ban da na niƙa. In an zo darasin dutse mai aman wuta, hoton Italiya ake nuna masa, sai ya ɗauka abin na Turai ne.

Alhali ƙasar da waɗannan matafiya suka baro tana da nata. A kudancin Azbin, a yankin Todra, akwai bakunan aman wuta sama da 100. Sun lafa, amma a lissafin masana ƙasa sababbi ne. Baƙin dutsensu, basalt, ya fito waje yana narke ya huce da sauri, don haka ƙwayoyinsa ba sa ganuwa, wani kuma duk ramuka ne inda iska ta kuɓuce. Manyan duwatsun Damagaram kuwa sun huce ne a hankali cikin ƙasa, tun sama da shekara miliyan 250, shi ya sa ƙwayoyinsu ke ƙyalli ɓaro-ɓaro.

Wannan bambanci ba ya shiga kai da alli a allo, sai an taɓa. Motocin da ke sauko da albasa da dankali daga Azbin ba su daina zirga-zirga ba, haka 'yan ci-rani masu zuwa Agadas. Uba ɗaya ya roƙi direba ya ɗauko baƙin dutse kamar dunƙulen hannu, wani ya kawo na Damagaram, malami ya ajiye su a aji da takarda mai sunan wurin da ranar da aka tsinto su.