Kalmar "Ransom" da Tarkon da Ke Cikinta ga Mai Fassara

Duk mai fassara labarai tsakanin Ingilishi da Hausa a 'yan shekarun nan ya san kalmar "ransom" kamar yunwar cikinsa, domin garkuwa da mutane a Zamfara, Katsina da Kaduna ta sa ba ta ɓacewa daga shafin jarida. A ganina, sanin da muka yi mata bai kai yadda muke zato ba, kuma kuskure a kanta yakan taɓa mutuncin mutanen da ke cikin tashin hankali.

Ingilishi ya aro ta daga tsohon Faransanci, shi kuma daga "redemptio" ta Latin, wato sayo abu ya dawo hannu. Wannan ya yi daidai da fansarmu, irin wadda bawa kan yi a zamanin Daular Sakkwato, ya tara kuɗi ya fanshi kansa. Sai dai fansa a Hausa tana kuma nufin ramuwa, ma'anar da babu ko ƙanshinta a "ransom". Na taɓa duba takardar wani ɗalibi da ya so ya ce mahara sun ɗauki fansa, sai ya rubuta "they took ransom". Mai karatu zai fahimci kuɗi suka karɓa, alhali rayuka suka hallaka. Kalmar da yake nema ita ce "revenge".

Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan kalmomin nan biyu, "to" da "for". A "pay a ransom to", wanda ya biyo baya shi ne mai karɓar kuɗin. A "pay a ransom for", shi ne wanda ake fansa. A ce uba ya sayar da gonarsa da shanun huɗarsa, ya ƙulla kuɗin a leda, ya kai daji cikin dare. Idan mai rubuta masa takardar bayani ya sa "for the bandits", to a rubuce ya mai da shi mai fansar 'yan bindiga, kuma wannan takarda tana iya kaiwa gaban alƙali.

Akwai kuma amfani da kalmar a salon magana. Turawan Ingila kan ce masu yajin aiki sun yi wa gwamnati "hold to ransom", ma'ana sun matsa mata lamba har ba ta da mafita. Ba wanda aka sace. Haka ma "a king's ransom", kuɗi ne na fitar hankali kawai. Misalin da aka fi kawowa a kansa shi ne Sarki Richard na Ɗaya na Ingila, wanda aka kama kusa da Biyana a 1192, aka yanka masa fansar mark 150,000 ta azurfa, bai fito ba sai 1194. Ga Baturen yau zancen salon magana ne, amma mai sauraro a Kaduna, inda aka sace Sarkin Kajuru a 2021, in ya ji "kuɗin fansar sarki" a rediyo, abin da zai fara tambaya shi ne wane sarki kuma aka ɗauke.